Tsakanin Mai Talla da Malamin Asibiti: Muryar Wa Yara Suka Fi Ji?

Gabatarwa

Lokacin da na je Kano zaman koyon harshe, na lura cewa yaran gidan da na sauka sun haddace waƙoƙin tallan biskit da lemon kwalba tun daga farko har ƙarshe. Amma da na tambaye su abin da aka rubuta a takardar faɗakarwa da ke manne a bangon asibitin unguwa, babu wanda ya iya faɗa mini. Wannan ne ya sa na ga ya dace a yi nazarin waɗannan saƙonni biyu, domin dukkansu da harshe suke aiki, kuma lafiyar yaro ce a tsakaninsu.

Mene ne matsalar?

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini. Ta ƙara da cewa zai fi kyau a rage shi zuwa kashi 5, wato kimanin giram 25 ko ƙaramin cokali 6 ga babban mutum. Kwalbar lemo guda mai rabin lita tana iya ɗaukar ninkin wannan. Yawan shan zaƙi kuwa yana jawo ruɓewar haƙora da ƙiba fiye da kima, ita kuma ƙibar tana buɗe ƙofar ciwon sukari da hawan jini idan an girma. Ga shi ƙaramin yaro bai iya bambance talla da gaskiyar magana ba. Abin da ya gani a talabijin ko a wayar mahaifiyarsa, shi ke nan ya zauna.

Ma'aunin nazari

Ɗalibi na iya auna kowane saƙo da tambayoyi huɗu:

1. Da wa ake magana? Mai talla da yaro yake magana kai tsaye, ya bar masa aikin yi wa uwa naci. Malamin asibiti kuwa da iyaye yake yi.

2. A ina ake maganar? Talla tana bakin makaranta, tana jikin shago, tana tsakiyar shirin yara. Faɗakarwa tana zaune a asibiti, inda ba a zuwa sai ciwo ya riga ya kama.

3. Da wane salo? Mai talla yana amfani da waƙa da amshi da kirari da zanen ban dariya, yana kuma haɗa kayansa da ƙarfi da basira. Takardar faɗakarwa sau da yawa fassara ce daga Turanci, mai dogayen jimloli da kalmomin da ba a ji a kasuwa.

4. Sau nawa ake maimaitawa? Talla kullum ce, gangamin lafiya kuwa sai lokaci-lokaci.

Me hukumomi suka yi?

A 2010 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince da shawarwarin taƙaita tallan irin wannan abinci ga yara, sannan a 2023 hukumar ta nemi a mayar da abin dokar dole. Ƙasar Cile ta fara aiki da tata dokar a 2016: ana buga baƙin tambarin gargaɗi a gaban kwali, an kuma hana amfani da zanen ban dariya wajen jawo yara. A nan Nijeriya, Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi, kuma a 2022 hukumar ARCON ta maye gurbin APCON wajen sa ido kan tallace-tallace. Waɗannan matakai ne masu kyau, sai dai haraji ba ya goge waƙar da ta riga ta shiga kan yaro.

Kammalawa

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai talla ya fi kowa riƙe wannan karin magana. Amma ba a rasa mafita ba. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an yi amfani da rediyo da harsunan gida wajen koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari don maganin gudawa, kuma saƙon ya shiga gidaje. Saboda haka aikin ba na likitoci ba ne su kaɗai. Mu ɗaliban Hausa muna karanta waƙa da salo da fassara. Me zai hana mu ɗauki takardar faɗakarwa guda daga asibitin da ke kusa da mu, mu auna ta da waɗannan tambayoyi huɗu, mu sake rubuta ta yadda yaro ɗan shekara 7 zai iya rera ta a kan hanyarsa ta zuwa makaranta?