Bagaruwa da Gyambon Baki

Sa'ad da nake yaro a Yerwa, kadan ƙurji ya fito mini a baki, kakata takan aike ni Kasuwar Litinin in sayo 'ya'yan bagaruwa. Sai ta jiƙa su, ta ce in kurkure bakina safe da yamma. Bayan kamar mako guda sai in ga ya warke. Na daɗe ina cewa bagaruwa ce ta warkar da ni, sai da na fara koyar da kiwon lafiya na gane tambayar ba ta ƙare ba.

Ga dalili. Irin ƙananan gyambon nan da kan fito a cikin leɓe ko gefen harshe yakan warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14, ko an sa magani ko ba a sa ba. To, ƙaƙa za mu san aikin bagaruwa ne, ba na kwanaki ba?

Masana sun sami dabara, watau gwadawa a jikin dabbobi. Sukan ɗauki ɓeraye masu girma ɗaya, su sa musu maganin barci, su ɗiga ruwa mai tsami ƙwarai a cikin kuncinsu har ƙaramin miki ya fito. Sa'an nan su kasa su kashi uku. Kashi na fari a shafa musu ruwan itacen da ake gwadawa, na biyu maganin asibiti, na uku kuwa a bar su haka nan. Sai a riƙa auna faɗin mikin ana rubutawa. Kashi na ukun nan shi ne alƙali. In na fari ba su riga su warkewa ba, itacen bai yi kome ba. Da wannan hanya aka ga waɗansu itatuwa suna gaggauta warkewa, waɗansu kuwa suna kawai gare su. A nan garinmu ma, a Jami'ar Maiduguri da aka kafa a 1975, an sha gwada itatuwan Barno a jikin ɓeraye, har da bagaruwa.

Ita bagaruwa akwai hujja a bayanta. Ku tuna da ita majema ke jeme fata. Cikin 'ya'yanta akwai wani abu mai bauri da ake kira tanin, wanda ke kama fata ya ɗaure ta. A baki ma haka yake yi, ya tsuke fuskar mikin, ya rage tsatsafowar ruwa.

Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma mikin da aka yi masa da gangan dabam yake da wanda rashin jini ko cizon haƙori ya kawo. Gwajin dabba matakin fari ne kurum.

Saboda haka, 'yan'uwana malaman gobe, in an tura ku ƙauye ku riƙe abu biyu. Kada ku raina maganin iyayen yara. Amma yaron da gyambonsa ya wuce mako 3, ko yana ƙara faɗi, ko bakinsa na wari da kumburi da zazzaɓi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti ran nan. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.