Makonni Takwas na Farko a Rayuwar Kwikwiyo

A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, matasa da dama sun shiga kiwon karnukan gadi irin su Boerboel da German Shepherd, domin masu gidaje da shaguna a Kumasi suna nemansu. Mai wannan rubutu yana cikin masu sana'ar, kuma abin da ya fi damunsa shi ne yawan 'yan kwikwiyon da ke mutuwa a hannun masu son su, tun kafin su buɗe ido.

Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka. Kwikwiyo yana zuwa duniya ido a rufe, kunne a toshe, kuma jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi. Idon ba ya buɗewa sai tsakanin kwana 10 zuwa 14. A wannan lokacin sanyi ya fi yunwa saurin kashe shi, musamman da asubar hunturu a Disamba da Janairu, ko a kan siminti mai danshi lokacin damina. Shi ya sa mai kiwon yake shimfiɗa tsummoki busassu cikin akwatin katako, ya rataya kwan fitila a gefe guda, yadda wurin zai kai maki 30 na ma'aunin Selshiyos a makon farko. Idan aka ɗauke wuta, sai ya cika gora da ruwan ɗumi ya naɗe ta da zane ya ajiye musu. Ba ya shigar da kaskon gawayi ɗakin, saboda hayaƙinsa guba ne.

Wanka kuwa babu shi sam. Uwar ce ke lashe su, kuma da lasar nan ne suke iya fitsari da kashi.

Bayan ɗumi, abu na biyu shi ne dakashi, nonon farko mai kauri. Cikin kwikwiyo yana karɓar kariyar da ke cikin dakashin ne a yinin farko kawai, don haka mai kiwon yakan zauna gaban uwar ya ɗauki ƙaramin da 'yan'uwansa suka ture, ya sa masa nono a baki da hannunsa. Ya sha ganin sababbin masu kiwo suna dama madarar gwangwani ko ta shanu don tausayi, sai gudawa ta biyo baya. Kuma kwikwiyon da ya yi sanyi ba a ba shi abinci sai an ɗumama shi, domin cikinsa ba zai narkar da shi ba. Ana auna nauyinsu kullum da sikelin kicin. Mai lafiya yakan ninka nauyinsa cikin kwana 10.

Maganin tsutsar ciki yana farawa a mako 2, a riƙa maimaitawa duk mako biyu. Abinci mai laushi yana shigowa a mako 3 zuwa 4. Allurar rigakafin parvo, cutar amai da gudawar jini da kan share ɗaki guda, ana fara ta a mako 6 zuwa 8 a hannun likitan dabbobi, na gwamnati ko na asibitin dabbobi na jami'ar KNUST. Kafin nan, duk mai sayen da ya zo kallo sai ya cire takalmi ya wanke hannu, domin ƙwayar cutar tana bin tafin takalmi.

Masu saye kan matsa a ba su kwikwiyo yana da mako 4, wai don ya saba da su. Mai kiwon ba ya sakin ko ɗaya kafin mako 8, kuma yana haɗawa da katin rigakafi mai ɗauke da ranar allurar haukan kare, wadda ake yi a wata 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari ta cizon kare. A gidajen haya na Zango, inda yara ke wasa a tsakar gida ɗaya, yakan gaya wa kowane mai saye: idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar.