Amsoshin Tambayoyinku: Likita Ya Ce Mu Mai da Baba Gida, Yaya Za Mu Yi Jinyarsa?

Tambaya: Mahaifinmu na fama da ciwon daji na hanta. Likitoci sun ce ciwon ya yi nisa, mu mai da shi gida. Wani ɗan'uwanmu da ke Ingila ya ce a can akwai gidajen da ake kai irin waɗannan marasa lafiya, a kula da su har rai ya yi halinsa. Akwai irinsu a nan? In babu, me za mu yi? Daga wata mai karatu a Faskari.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da jinya. Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya sa kaffara ce.

Gaskiya ɗan'uwanku ya faɗa. A 1967 wata likita, Cicely Saunders, ta buɗe irin wannan gida a Landan mai suna St Christopher's. Aikinsa rage wa wanda ciwonsa ya gagari magani raɗaɗi, da kwantar da hankalinsa da na iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa kowace shekara, amma kashi 14 cikin 100 kawai ke samu.

Mu nan, daga Ƙanƙara zuwa Faskari da Sabuwa, tsoho a ɗakinsa yake jinya, 'ya'ya da jikoki kewaye da shi. Kada ki ɗauki hakan gazawa. A Yuganda, tun 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa tsarin bin marasa lafiya har gida da ruwan mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, kuma a 2004 ƙasar ta yarje wa nas-nas masu horo su riƙa rubuta shi. A Najeriya, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen irin wannan kulawa a 2007. Ke nan gida ma yana ɗaukar wannan jinya, muddin ba a yanke hulɗa da asibiti ba.

Abu na farko shi ne ciwo. Ku koma wa likitan da ya sallame ku, ko babban asibitin Funtuwa, ko na koyarwa da ke Shika a Zariya, ku ce masa a fili: "Baba ba ya barci saboda ciwo." Idan ya rubuta mofin, ku bayar a kan lokacin da ya tsara, kada a jira sai Baba ya fara nishi. Maganin da aka sha bisa awon likita ba ya gaggauta ajali, sai dai yana ɗaure ciki, don haka ku nemi a haɗa da mai sassauta bayan gida. Ku guji sayen tiramadol ko wasu ƙwayoyi a kemis, domin hanta mai ciwo ba kowane magani take ɗauka ba. Haka ma jiƙe-jiƙen da masu dubiya ke kawowa. Tunda hanyoyin yankin nan ba sa biyuwa da dare saboda 'yan bindiga, ku karɓo magani tun na hannu bai ƙare ba, ku kuma riƙe lambar wayar ma'aikacin lafiya mafi kusa.

Na biyu, jiki. Ku riƙa juya shi duk bayan awa biyu, kuna duba ƙugu da gadon baya da diddige. Inda fata ta sauya launi, gyambon kwanciya ne ke shirin fitowa: a ɗauke nauyi daga wurin da matashi, a bar shimfiɗa a bushe. Idan ya ƙi tuwo, a ba shi kunu ko koko cokali-cokali yana jingine. Idan ya kawar da kai, a ƙyale shi, don ɗura na iya shaƙe shi. A jiƙa auduga da ruwa a shafa masa a leɓe.

Na uku, zuciya. Kada a yi ta ƙus-ƙus a kansa kamar ba ya nan. In ya tambayi halin da yake ciki, a gaya masa cikin taushi, domin ya samu damar yin wasiyya, ya ambaci bashin da ke kansa, a yafi juna. A taƙaita 'yan dubiya idan ya gaji. Idan numfashi ya fara sarƙewa, a kwantar da shi ta gefe, a laƙƙana masa kalmar shahada a hankali, ba tare da matsawa ba.

Kada kuma a bar wa mace ɗaya jinya dare da rana. Ku raba kwana, maza su ɗauki wankan Baba da juya shi, na nesa su ɗauki kuɗin magani.

'Yar'uwa, ku zauna da 'yan'uwanki yau ɗin nan ku tsara wannan, gobe ɗayanku ya koma wa likita da maganar ciwon. Allah Ya ba ku ladan jinya, Ya sa mu cika da imani.