Riƙon Amanar Ƙungiyar Taimakon Jama'a: Darasi Domin Hakimai da Malamansu a Ƙasar Gumel

An shirya wannan 'yar takarda domin Hakimai na ƙasar Gumel, Allah ya ba ku nasara, da malaman da ke riƙe da littattafan ofisoshinku a Ƙananan Hukumomi huɗu na masarautar, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Da wuya a sami gundumar da ba ta da ƙungiya guda ko biyu ta taimakon jama'a: wata tana kula da marayu, wata tana gyara rijiyoyi da maƙabarta, wata tana biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin jarrabawa. Ranar kafa ƙungiya a kan zo neman albarkar Hakimi, ranar da rigima ta tashi kuma ƙofarsa a ke fara zuwa. Sabo da haka ya wajaba ku san yadda a ke tsara shugabancinta tun kafin ku sa mata albarka.

Mafarin ɓarna

Taimakon juna tsohon abu ne a ƙasar Lautai. Kakanninmu sun yi gayyar noma da ta jinka, mata kuma sun san adashi. Amma gayya aikin yini guda ce, idon kowa yana kan na kowa, in rana ta yi a ci abinci a watse. Ƙungiya kuwa dukiya ta ke tarawa ta ajiye. Manomi ya kawo buhun gero da kaka, falke ya ba da nasa ran Alhamis a kasuwar Maigatari, ɗan gari da ke aiki a Kano ko Legas ya aiko ta banki. Duk waɗannan mutane sun ba da abinsu sun juya baya, ba za su ga inda ya shiga ba.

Sau da yawa ƙungiya ta kan fara a hannun mutum guda mai himma. Shi ya kawo shawara, shi ya zaga ya tara kuɗi, sai a bar masa kome: shi ne shugaba, shi ne ma'aji, littafi kuma yana aljihunsa. Yana yiwuwa mutumin kirki ne ƙwarai. Amma in ya kwanta ciwo aiki ya tsaya, in ya rasu magadansa ba su iya rabe dukiyarsa da ta marayu, in kuwa maƙiyi ya zarge shi ba shi da shaidar da za ta wanke shi. Maganin wannan shi ne a raba aiki gida biyu: masu yanke shawara su sa ido, da masu zartarwa su kawo lissafi.

Kun san wannan tsari tun dā

Dattawa daga cikinku sun san zamanin En'e, kafin gyaran Ƙananan Hukumomi na 1976. Baitulmali, wanda aka fara kafawa a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya raba kuɗin ƙasa da kuɗin Sarki. Dagaci ya tara haraji, malami ya yanka rasit, Hakimi ya kai, Ma'aji ya karɓa ya rubuta, mai bincike ya biyo baya ya gwada rasit da littafi. Ba a yarda mutum guda ya riƙe duk waɗannan matakai ba, ko mene ne girmansa. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, sa'ad da ƙasar Gumel ta ke cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Harajin ya tafi, amma hikimar rabon aikin tana nan da amfaninta, ita ce kuma a ke so a ɗauko a sa cikin ƙungiya.

Amintattu

Gida na farko shi ne na amintattu da sauran 'yan majalisar ƙungiya. Su ne masu riƙe da dukiyar a madadin jama'a, kuma aikin sa kai su ke yi, ba su da albashi. Ga abin da ke kansu:

1. Su tsayar da manufar ƙungiya a rubuce, su hana a kauce mata. Kuɗin da aka tara da sunan marayu ba a gina ofis da shi.

2. Su duba kasafin kuɗin shekara su amince da shi kafin a kashe ko kwabo.

3. Su ɗauki sakatare, su yanka masa albashi, su kuma sallame shi in ya gaza.

4. Su naɗa mai binciken kuɗi daga waje, wanda ba ɗan'uwan ma'aji ba ne, ba kuma yaron shugaba ba.

5. Su tsaya gaban taron shekara su gaya wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita.

Wajen zaɓensu a lura da abu uku. Na farko, kada a cika majalisa da manyan mutane waɗanda ba su da sukunin zuwa taro, gama amintaccen da bai halarci zama ba shekara guda sunansa kaɗai a ke amfani da shi, in kuwa ɓarna ta auku har da shi za a tuhuma. Na biyu, a sami aƙalla mutum guda da ya iya karanta lissafi. Na uku, a duba wakilci. In ƙungiyar ta masarauta ce duka, kada amintattu su fito daga garin Gumel kaɗai, mutumin ƙauyen Gagarawa ko na Sule Tankarkar ya ga nasa a ciki. In kuma gwauraye mata da marayu a ke taimako, lalle a sa mata dattijai, gama su ne ke shiga gidaje su san wadda ta kwana ba ta ɗora tukunya ba. Yana da kyau a ƙayyade wa ko wane amintacce wa'adi, a kuma riƙa sauya su kaɗan kaɗan, domin kada masu sanin aiki su sauka rana guda.

Sakatare da ma'aikatansa

Gida na biyu shi ne na sakatare, wanda wasu ke kira darakta ko babban jami'i. Shi ne ke wurin kullum: ya rubuta sunayen mabukata, ya sayo hatsi, ya bi bayan mai haƙa rijiya, ya ajiye rasit, ya kawo rahoto a ko wane zama. In ƙungiya tana da hali, ya kamata a biya shi. Shari'a kanta ta sa ma'aikatan zakka cikin kashi takwas na masu haƙƙi a cikinta, kamar yadda ya zo a Suratut Tauba, aya ta 60. Haka kuma a wakafin da Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara an yarda wa mai kula da ita ya ci daga amfaninta gwargwadon abin da ya dace. Mutumin da aka sa ya bar gonarsa da damina yana hidimar jama'a ba a ba shi kome, an jefa shi cikin jarrabawa ke nan. Wanda aka biya kuwa ana iya tambayarsa aiki ba kunya, gama kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Kuskure iri biyu a kan yi tsakanin gidajen nan. Wani lokaci shugaban amintattu ya kan zauna a ofis kullum yana ba da umurni, har sakatare ya zama ɗan aike. Wani lokaci kuma sakatare ne ya kan yi ƙarfi, ya daina kiran taro, ya riƙa kai wa amintattu takarda gida gida su sa hannu ba su karanta ba. Duka biyun sun mai da mu ga hannun mutum guda. Manyan ƙungiyoyi ma rabon nan su ke bi: Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna Ahmadu Bello, Sarkin Musulmi ne shugabanta, amma Babban Sakatare ne ke tafiyar da ofis.

Abin da doka ta ce

Ƙungiyar da ke son ta mallaki fili ko gini da sunanta, ta ci gaba kuma ko da waɗanda suka kafa ta sun shuɗe, sai ta yi rajistar amintattunta a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta tarayya, watau CAC. Dokar da ke aiki ita ce ta Kamfanoni wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta 2020, ta maye gurbin ta 1990. Malamai su riƙe waɗannan:

Amintattu ba za su kasa biyu ba. Ba a naɗa yaro, ko wanda kotu ta tabbatar da taɓin hankalinsa, ko wanda ya karye da bashi ba a wanke shi ba, ko wanda kotu ta kama da laifin zamba cikin shekara 5 da suka wuce. Ana buga sunayensu a jarida, a ba da kwana 28 domin mai ƙorafi ya yi magana.

Dukiyar ƙungiya ta manufarta ce kaɗai, ba a raba wa 'yan ƙungiya riba. Ɗan majalisa ba ya riƙe muƙamin albashi a ƙungiyar, sai fa wanda ke zama a majalisa sabo da ofishinsa. Ana iya mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa, kamar kuɗin mota.

Ana ajiye littattafan kuɗi shekara 6, ana kuma aika wa Hukumar rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba.

In an sami almundahana, Hukumar ko kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙungiya suna iya zuwa kotu neman a dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya. In kuma an rushe ƙungiya, abin da ya rage bayan biyan bashi a kan miƙa shi ga wata mai irin manufarta.

Ƙaramar ƙungiyar unguwa da ba ta kai ga rajista ba, ita ma ta kwaikwayi wannan tsari gwargwadon halinta.

Misali

A ce wata ƙungiya ta tara buhun gero 60 da kaka domin rabo da bazara, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Amintattu su zauna su tsayar da sharaɗin wanda zai samu, a rubuta cikin littafin taro. Sakatare ya zaga tare da masu unguwa da limamai ya kawo sunaye, amintattu su duba su amince. A sa wa ɗakin ajiya kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin sakatare. Ranar rabo ko wane mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu. In an raba 55, mai bincike ya buɗe ɗaki ya ƙirga 5. In ya tarar da 4, a rubuta 4, a nemi bayani ran nan tun mutane ba su manta ba. Kuɗin banki ma haka: mutum biyu daga cikin uku su sa hannu, kuma kada a karɓi gudummawa ta asusun wani mutum na kansa, ko da shi ne shugaba.

Matsayin Hakimi

Ranku ya daɗe, Hakimi uban ƙungiya ne. Shawarar da a ke ba ku ita ce kada ku karɓi ma'aji, kada ku zama masu sa hannu a banki, kada kuma a ajiye hatsi a gidanku. Dalili kuwa a fili ya ke. Talaka ba zai iya tashi cikin taro ya tambayi Hakiminsa inda buhu guda ya shiga ba, sai ya yi shiru a gabanku ya yi magana a kasuwa. Sa'an nan in saɓani ya tashi tsakanin sakatare da amintattu, wa zai raba su in mai rabon yana ciki? Darajar sarauta tana amfanar ƙungiya ne in tana gefe tana kallo.

Kafin ku sa albarka, ku nemi a kawo muku tsarin ƙungiya a rubuce da sunayen amintattu. Ku halarci taron shekara, ku sa a karanta lissafi da Hausa da ƙarfi, ku kuma fara yin tambaya da kanku domin talakawa su sami ƙarfin zuciya. Haka kuma kada ku aika da sunan wani a sa shi cikin masu karɓa ta bayan fage, gama in Hakimi ya yi sau ɗaya, Dagaci zai yi sau goma. Ku tsare ƙungiya daga zama kayan jam'iyyar siyasa, domin maraya ba shi da jam'iyya.

Aikin malami

Malam, ka buɗe littafi guda na ƙungiyoyin gundumarka. Ko wace ƙungiya a ba ta shafinta: sunanta, manufarta, ranar kafawa, amintattu da wa'adinsu, sakatare, lambar rajista in akwai, da ranar taron shekara na ƙarshe. In shekara ta zagayo ba a yi taro ba, ka sanar da Hakimi tun da wuri. In an roƙe ka ka rubuta bayanin taro, ka rubuta abin da aka yanke da wanda aka ɗora wa aikin da ranar da zai gama, ka karanta a zama na gaba kafin shugaba ya sa hannu. Kada ka kankare kuskure, ka ja masa layi ɗaya ka rubuta gyara a gefe. Sunayen mabukata kuwa asiri ne, ba a karanta su a majalisa.

Tambayoyi domin nazari

1. Ƙungiyoyin taimako nawa ne a gundumarka, nawa ne kuma suka yi taron shekara bara?

2. A cikinsu akwai wadda mutum guda ke riƙe da shugabanci da kuɗi tare? Me za a fara gyarawa?

3. Don me aka ce Hakimi kada ya sa hannu a asusun ƙungiya?

Ko wane malami ya rubuta amsarsa ya kai wa Hakiminsa, su duba tare kafin kakar bana. Allah ya taimake mu bisa riƙon amana, amin.