Yaron Da Ya Ji Maganar Karnuka

Karatu: 2 Sama'ila 9:1-13 da 19:24-30

Darasinmu na yau zai fara da tatsuniya. Na faɗa maka tun da wuri cewa tatsuniya ce, domin kada wani ya rubuto mana yana tambaya a wane gari aka yi, ko wane magani yaron ya sha. Babu magani a ciki, babu tsafi. Ka dai tuna Allah ya taɓa buɗe bakin jakar Bal'amu ta yi wa ubangidanta magana, ita ce ma ta ga mala'ikan da shi bai gani ba (Littafin Ƙidaya 22). In Allah ya ga dama, da bakin dabba ma sai ya gyara mutum.

A wani ƙauye an yi wani yaro mai kiwon awaki, shekararsa kamar goma sha ɗaya. Ya yi zazzaɓi mai zafi na kwana uku. Ran da ya tashi, sai ya ji abin da bai taɓa ji ba. Haushin karnukan unguwa ya zama magana a kunnensa, in kuma ya amsa musu, suna ganewa.

Me kake tsammani ya yi da wannan baiwa? Abin da yawancinmu za mu yi. Ya mai da ita abin neman suna. Karnuka suna yawo da dare, sun san wanda ya tsallake danga, sun san gidan da aka yanka kaza a ɓoye. Yaron ya riƙa tambayarsu, da safe ya zo dandali ya ba yara labari, su yi ta dariya. Cikin mako biyu ya zama sarkin yara. Wanda bai taɓa kula shi ba yanzu yana raba masa ƙuli-ƙuli.

To, yaron nan yana da aboki tun suna ƙanana, tare suke kai awaki jeji. Kafin wannan abu ya faru, abokin ya faɗo daga kan tsamiya ya karye a cinya. An kai shi wurin mai ɗori, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Makon farko gidan cike yake da masu gaisuwa. Mako na biyu suka ragu. Daga baya ba mai zuwa, gama wanda ba ya iya langa, ba ya iya ƙwallo, yara ba su ga abin da za su yi da shi ba. Yaronmu ma ya je sau biyu, ya daina.

Wata rana da yamma yana komowa daga kiwo, ya bi ta bayan gidan domin kada a gan shi. Sai ya ji murya daga gindin danga tana cewa, "Na san takunka. Kwana arba'in ke nan ban ji shi a ƙofarmu ba." Ya duba, sai ga tsohon karen abokinsa, ya rame, haƙarƙarinsa duk a waje.

Yaron ya ce, "Aiki ne ya yi mini yawa."

Karen ya ce, "Kullum ina jin dariyarka daga dandali. Shi ma yana ji."

Kunya ta kama yaron. Ya ce, "In na shiga, me zan ce masa? Ba ni da maganin ƙafa."

Karen ya ce, "Ni ma ban taɓa ce masa kome ba. Kwanciya nake yi kusa da tabarmarsa. In ya miƙo hannu da dare, ya same ni."

Yaron ya dubi ramar karen ya ce, "Gidan nan ba su da abin ba ka yanzu, kuɗinsu ya ƙare wurin jinya. Ga gidan mahauci can, ƙashi har zubarwa ake yi. Don me ba ka koma can ba?"

Karen ya yi shiru, ya karkata kai. Can ya ce, "Ban gane tambayarka ba. A nan yake kwance. Ina zan je?"

Bari mu dakata a nan, za mu komo.

Mun san matsayin kare a wurinmu. In ana so a wulakanta mutum, da sunansa ake zaginsa. Yara suna jifansa, in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sosai ko a yar. A zamanin Littafi Mai Tsarki ma haka yake, abin reni ne. Duk da haka makiyayi a jejin Azawak ba ya wasa da karensa, domin ya san wanda yake farke sa'ad da kowa ya yi barci. A ƙasar Japan kuma akwai wani kare mai suna Hachiko, wanda ya saba zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya a birnin Tokyo yana taryen ubangidansa, wani malamin jami'a. Malamin ya rasu a wurin aiki a shekara ta 1925. Karen ya ci gaba da zuwa tashar yana jira har ya mutu a 1935, kusan shekara goma. Mutanen birnin suka yi masa mutum-mutumi a bakin tashar. Ubangiji Yesu kansa, da yake ba da misalin mai arziki da Li'azaru (Luka 16), ya nuna matalaucin yana kwance a ƙofa, mutanen gidan ba su kula shi ba, karnuka ne suke zuwa suna lasar miyakunsa. Ko tausayi ne ya kawo karnukan ko wani abu dabam, su ne dai suka matso kusa.

Yanzu ka buɗe 2 Sama'ila sura 9. A can za ka sami mutumin da ya kira kansa mataccen kare a gaban sarki. Sunansa Mefiboshet, ɗan Jonatan, jikan sarki Saul. Yana da shekara biyar aka kawo labari cewa kakansa da mahaifinsa sun mutu a yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi za ta gudu, cikin gaggawa ya faɗi, ya gurgunce (2 Sama'ila 4:4). A rana ɗaya ya rasa uba, ya rasa gadon sarauta, ya rasa ƙafafunsa. Ya girma a Lodebar, a gidan wani mutum mai suna Makir, nesa da fada.

Tun kafin haka, Jonatan da Dawuda sun ƙulla alkawari. Jonatan, ɗan sarki, ya tuɓe rigarsa ya ba Dawuda, ya haɗa masa da takobinsa da bakansa (1 Sama'ila 18). Daga baya ya roƙe shi kada ya yanke alheri daga gidansa (1 Sama'ila 20). Ka lura da wannan: lokacin da Dawuda ya zauna daram a kan gadon sarauta, Jonatan ya daɗe a kabari, har Mefiboshet ya girma ya haifi ɗa. Ba wanda zai zo ya tuna wa sarki alkawarin. In ya manta, ba mai zarginsa. A al'adar sarakunan zamanin ma, zuriyar tsohon sarki abin kawarwa ce, domin kada wata rana ta nemi sarauta. Amma Dawuda da kansa ya yi tambaya ko akwai wanda ya ragu daga gidan Saul. Ya aika aka kawo gurgun nan, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa Ziba da 'ya'yansa goma sha biyar da barorinsa ashirin su noma masa, ya kuma ce kullum tare da shi zai ci abinci kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki.

Me Mefiboshet zai iya yi wa Dawuda? Ba ya iya zuwa yaƙi, ba shi da jama'a. Nan ne ake gane aminci, inda ba abin da za a samu. Hausawa sun ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Abokan dariya kuwa, yaronmu ya tara su cikin mako biyu da labarin kajin mutane.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin yana sura 19. Da Absalom ya yi wa mahaifinsa tawaye, Dawuda ya gudu daga Urushalima. Ziba ya tarye shi a hanya da guzuri, ya ce masa Mefiboshet ya zauna a birni yana sa rai za a mayar masa da sarautar kakansa. Dawuda bai bincika ba, nan take ya ba Ziba dukan dukiyar (sura 16). Ina ganin a nan sarki ya yi gaggawa, kuma sau da yawa haka muke yi wa abokanmu, mu yanke musu hukunci da bakin wani. Da Dawuda ya komo, sai ga Mefiboshet ya zo taryensa. Tun ran da sarki ya fita bai kula da ƙafafunsa ba, bai gyara gemunsa ba, bai wanke tufafinsa ba. Ya ce baransa ne ya yaudare shi ya bar shi, shi kuwa gurgu ne. Sarki ya ce su raba gonakin shi da Ziba. Mefiboshet ya ce Ziba ya kwashe duka, shi dai ya ishe shi tun da sarki ya komo gida lafiya. Mutumin da ya kira kansa kare ya yi zaman jira irin na karen tatsuniyarmu, kuma ba gona yake jira ba.

Amma kada ka ɗauka ina cewa ka zama kamar kare a kowane abu. Amincin kare yana da iyaka. Karen ɓarawo yana bin ɓarawo da zuciya ɗaya, yana yi wa mai gaskiya haushi. Ba ya iya ce wa ubangidansa, "Wannan hanya ba ta da kyau." Kai kuwa an halicce ka cikin kamannin Allah, an ba ka baki da lamiri. Jonatan ya tsaya gaban mahaifinsa ya faɗa masa cewa Dawuda bai yi laifi ba, har Saul ya jefe shi da mashi. Annabi Natan ya shiga fada ya nuna wa Dawuda zunubinsa ido da ido (2 Sama'ila 12). In abokinka yana shan abin da zai kashe shi, ko yana cin amanar matarsa, kai kuma kana rufa masa asiri kana cewa aminci ne, to, amincin karen ɓarawo kake yi. Sai dai kuma, wanda bai zauna da mutum cikin wahalarsa ba, da wuya a karɓi gyara daga bakinsa. Zaman ne yake zuwa da fari.

Mu koma ga yaronmu. Ya shiga gidan, ya gai da uwar abokinsa. Ta ce, "Ɗana, ashe kana gari?" Bai sami amsa ba. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin tabarma. Abokin ya juya fuskarsa wajen bango, bai ce uffan ba har duhu ya yi. Kashegari ma haka. Yaron ya so ya daina zuwa, amma duk sa'ad da ya tashi fita sai ya haɗa ido da karen. A rana ta huɗu abokin ya yi magana, fuskarsa tana bango, ya ce, "Jar akuyar nan ta haihu?" Daga nan hira ta buɗe.

Yaran dandali suka gaji da jiran labari, suka watse, suka sami wani abin wasa. Bayan wata guda yaron ya sare reshe mai ƙarfi, ya sassaƙa sanda ya kawo. Abokin ya ce ba zai fita a yi masa dariya ba. Yaron ya ce, "Za a yi, kwana biyu su gaji. Amma in ka ci gaba da kwanciya, ɗaya ƙafar ma za ta mutu. Tashi, ni zan riƙe ka." Suka yi faɗa a kan wannan, har kwana biyu ba su yi wa juna magana ba, amma yaron bai fasa zuwa ba. Ran da suka fita tare har bakin rijiya, karen yana biye, yaron ya juya zai yi masa magana, sai ya ji haushi kawai. Baiwar ta tafi kamar yadda ta zo.

Ɗan'uwa, a daren da aka bashe shi, Ubangiji Yesu ya kira almajiransa abokansa (Yahaya 15), alhali ya san kafin gari ya waye za su watse su bar shi, Bitrus kuma zai yi musunsa sau uku. Bayan ya tashi daga matattu, shi ne ya neme su a bakin teku, ya hura wuta, ya shirya musu kifi da gurasa (Yahaya 21). Mu ne muka bi ta bayan danga, shi kuwa ya biyo mu. In ka taɓa ɗanɗana wannan alheri, akwai tambaya a gabanka. Wane ne ya daina zuwa sujada tun da ciwo ya kwantar da shi, ko tun da kasuwa ta karye masa, ko tun da ya tafi ci-rani aka daina jin labarinsa? Watakila gwauruwar abokinka ce da 'ya'yanta, waɗanda ka yi wa alkawari a bakin kabari. Na tabbata wani suna ya riga ya zo maka. Rubuta shi a gefen wannan shafi, ka sa ranar da za ka je cikin makon nan. In ba ka san abin da za ka faɗa ba, ka yi sallama ka zauna.

Addu'a: Ya Uba, ka san sunan da na rubuta, ka kuma san kwanakin da na yi ina kauce wa ƙofarsa. Ka gafarta mini. Ka kai ƙafafuna can, in kuma ya juya mini baya, ka ba ni haƙuri in koma kashegari. Cikin sunan Yesu, amin.