DARASI: KATIN CIRAR KUƊI A HANNUN MANIYYACIYA

Darasinmu na wannan fitowa na wadda ta yi niyyar tafiya aikin Hajji ko Umara ne, da wadda za ta raka mara lafiya asibiti a wata ƙasa, da mai zuwa sarin kaya. Ko ba ki da niyyar tafiya bana ki daure ki karanta, domin ba a rasa uwa, ko uwar miji, ko maƙwabciya da za ki taimaka wa.

Yadda muka saba a gida

Mu faɗa wa juna gaskiya. A Batsari da Safana, da garuruwa irin su Ruma da Runka, mace nawa ce ke zuwa na'urar ATM da ƙafarta? Bankuna sun yi mana nisa, galibi sai an je Katsina ko Dutsin-Ma, ga halin da hanyoyinmu suka shiga na rashin tsaro. Don haka in buƙata ta taso sai ki miƙa wa yaro kati, ki faɗa masa lambar sirri, ki ce, "Maza je wurin mai POS ka ciro min dubu biyar." Ƙarancin takardun Naira na farkon shekarar 2023 ya ƙara saba mana da haka. Wata ma ba ta san lambar katinta ba, maigida ne ya riƙe, ko babban ɗanta.

A gida abin yakan zo da sauƙi, don mai POS ɗan unguwa ne, kin san gidansu. Amma a Makka ko Madina babu ɗan aike, babu maigida a kusa a kowane lokaci, kuma wanda ke tsaye a bayanki ba ki san daga inda ya fito ba. Wannan sabo na miƙa kati shi ne babbar ƙofar da 'yan damfara ke shigowa ta ita.

Hukumomi ma sun san da matsalar. A watan Afrilu na 2025, bayan Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta kai kuka, kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki, Babban Bankin Najeriya ya amince a ba alhazan wannan shekarar guzurinsu da tsabar kuɗi maimakon a zuba shi a kati. Daga cikin dalilan da aka bayar akwai cewa alhazai da yawa ba su saba da aiki da kati ba. To amma tsari yana canjawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka ki tambayi jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku yadda za a ba da guzuri a shekarar tafiyarki. Kuma ko an ba ki a hannu, in ya ƙare 'ya'ya suka turo ƙari, ta kati zai iso gare ki.

Yadda suke cutar mutane

Na farko, mai taimako. Ki ɗauka Hajiya ce ta tsaya gaban na'ura, rubutu ya fito da Larabci da Turanci, ta rasa inda za ta danna, ga layi a bayanta. Sai wani ya matso da fara'a, wataƙila ma da Hausa, ya ce, "Hajiya kawo in taimaka miki." Ya sa katin, ta faɗa masa lamba, ya ɗan daddanna ya ce na'urar ba kuɗi. Ya miƙo mata kati, ta yi godiya har da sa albarka. Ashe ba nata ya ba ta ba, wani mataccen kati ne mai launi iri ɗaya. Kafin ta isa masauki ya kwashe abin da ke ciki.

Na biyu, na'urar da aka yi wa dashe. Ɓarayi kan liƙa wani ɗan ƙarfe a bakin da ake zura kati don ya kwafi bayanan katin, su ɓoye ƙaramar kyamara tana kallon yatsunki. Tun 2010 bankunan Najeriya suka koma kati mai ɗan guntun ƙarfe a fuska, wanda ya fi wuyar kwafa, amma hakan bai hana ɓarawo amfani da katin ba in ya samu katin da lambar tare. Wani dashen kuma riƙe katin yake yi, ki zaci na'ura ce ta haɗiye, kina tafiya su zo su zaro.

Na uku, hoton kati. Dogayen lambobin da ke jikin katin, da ranar ƙarewarsa, da lambobi 3 na baya, sun isa a yi sayayya da su a intanet a wasu wurare, alhali katin yana cikin jakarki.

Na huɗu, kiran waya. Wani zai kira ya ce daga banki ne, wai an ga kin fita waje za a rufe asusunki, sai kin karanto lambar da aka turo miki yanzu, ko lambobin BVN ɗinki 11. Ki kashe wayar. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

Kafin ki bar gida

1. Ki je banki da kanki, ko da rakiyar maigida. Ki tambaya ko katinki zai yi aiki a ƙasar da za ki, da iyakar abin da za ki iya cira, da ladan da za a yanka. Tsakanin 2022 da 2023 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin Naira a waje, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, kowane da iyakarsa.

2. Ki canja lambar sirri in yara sun san ta. Kada ki sa shekarar haihuwa ko 1234. Ki haddace ta. Kada ki rubuta a bayan kati ko a takardar da kike naɗe shi.

3. Ki koyi cirar kuɗi da hannunki, sau uku ko huɗu, 'yarki na tsaye tana nuna miki. Ba abin kunya ba ne. Yadda ake koya mana ɗawafi a wurin bita, haka wannan ma sai an gwada.

4. Ki tabbatar saƙon alat zai same ki a can. Kin tuna watannin ƙarshen 2021 da aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, ba kira ba saƙo? Haka wayarki za ta zama a waje in kin cire layinki na gida ko ba a buɗe shi ba. Ana iya cire miki kuɗi kwana da kwanaki ba ki sani ba.

5. Ki karɓi lambar wayar banki ta rufe kati, ki rubuta a takarda daban. Ki bar kwafi wurin maigida.

6. Kada ki bar jarinki da kuɗin adashi duka a asusun da za ki tafi da katinsa.

A gaban na'ura

Ki zaɓi na'urar da ke cikin banki ko cikin otal, da rana, tare da abokiyar tafiya da kika sani tun daga gida. Ki ɗan taɓa bakin na'urar, in yana girgiɗi ki bar ta. Ki rufe hannunki da gefen hijabi yayin danna lamba. In kin yi kuskure sau biyu ki dakata, domin na uku yakan sa a toshe katin. In na'ura ta tambaya da wane kuɗi za a yi lissafi, ki zaɓi kuɗin ƙasar, wato Riyal a Saudiyya, galibi ya fi sauƙi. Ki riƙe wannan lissafi: Dala 1 Riyal 3.75 ce a farashin hukuma, ke nan Dala 500 Riyal 1,875 ce. In lallai sai an taimaka miki, a nuna miki da baki, kati yana hannunki, ke za ki danna lamba. In kin gama ki duba sunanki a jikin katin kafin ki ɗaga ƙafa. A shago kuma kada kati ya ɓace wa idonki.

In abin ya faru

Kada kunya ko tsoron faɗan maigida su sa ki yi shiru. Ki kira banki nan take a rufe katin, sannan ki sanar da jami'an alhazan jiharku da ke masauki. Duk jinkirin awa guda dama ce ga ɓarawo.

'Yar uwa, wata kaji da awaki ta yi shekaru tana kiwo, wata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta sayar kafin ta haɗa kuɗin kujera. Dukiyar nan amana ce, kuma Hausawa sun ce taya Allah kiwo ya fi Allah na nan. Muna roƙon shugabannin rassa da malaman Islamiyya su karanta wannan darasi a wurin ta'alim domin iyayenmu da ba sa karatun boko. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya karɓi ibada. Amin.