Raha da Kiɗa a Gajerun Finafinan Katun na Farko

Gabatarwa

Yaron firamare a Daura ko Mai'aduwa ko Zango yakan zauna gaban talabijin ko wayar hannu yana ta ƙyaƙyata dariya kan katun ɗin Tom and Jerry, alhali bai ji kalma ko ɗaya ta Turanci ba. Wannan abin lura ne ga mai nazarin harshe. Idan ba magana ce ta ba shi dariya ba, to me ya ba shi? Darasin nan zai bi asalin irin waɗannan finafinai, sannan ya gwama raharsu da ta adabin bakan Hausa.

Asali

Katun zane-zane ne da ake jerawa, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa, a haska hotuna 24 cikin daƙiƙa guda, sai ido ya ga kamar motsi. Ke nan fim ɗin minti bakwai ya haura hoto 10,000, ko da yake sau da yawa akan ɗauki zane ɗaya sau biyu don rage wahala.

A ranar 18 ga Nuwamba, 1928, aka nuna Steamboat Willie na Walt Disney da Ub Iwerks a birnin New York na Amurka. Ba shi ne katun na farko mai sauti ba, amma shi ne ya nuna wa duniya abin da ake iya yi idan motsi da kiɗa suka dace. A cikinsa akuya ta cinye takardar waƙa, sai aka riƙa juya wutsiyarta kamar hannun garmaho, kiɗa na fitowa daga bakinta. Ɓeran nan Mickey kuma ya mai da haƙoran saniya abin kiɗa.

Daga nan aka sami saɓani tsakanin Disney da makaɗinsa Carl Stalling kan wanda zai bi wani, zane ko kiɗa. Maslahar da aka yi ita ta haifar da jerin Silly Symphonies, finafinai 75 daga 1929 zuwa 1939, inda kiɗa ke gaba zane na biye. Kamfanin Warner ya fito da nasa, Looney Tunes a 1930 da Merrie Melodies a 1931, musamman don tallata waƙoƙin da ya mallaka. Tom and Jerry kuwa sai a 1940 William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro shi a kamfanin MGM.

Inda dariyar take

Babban tushen rahar shi ne dacewar sauti da motsi. Kyanwa ta faɗo daga bene, ganga ta amsa daidai lokacin da ta taɓa ƙasa. Da sautin zai makara da rabin daƙiƙa, da dariyar ta mutu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa tsayawa filin kokawa ko dambe ya ga yadda makaɗi ke bin takun ɗan wasa, ko ya ji yadda kalangu ke kiran mahauci da takensa ba tare da an buɗe baki ba.

A nan ne nahawun Hausa ya shigo. Aikin da ganga ke yi a katun shi ne amsa-kama ke yi a bakin mai ba da tatsuniya: ya faɗi tim, ta tsaya cak, ya miƙe zumbur, ya faɗa ruwa tsundum, ta fizge wuf. A cire waɗannan kalmomi daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, labarin yana nan, amma ya zama lami. Tsohuwar da ta iya tatsuniya ta san daidai inda za ta jefa "tim", kamar yadda Stalling ya san inda zai buga ganga.

Akwai kuma ƙasƙantar da abu mai girma. A The Cat Concerto na 1947, kyanwa Tom ya sha kwat irin ta manyan makaɗa yana kaɗa fiyano da kiɗan Franz Liszt, sai ga ɓera yana barci a cikin fiyanon, taron girma ya koma kokawa. Haka 'yan kama suke yi idan suka ɗauki muryar karatu ko wata sananniyar waƙa suka juya ta kan tuwo da miya. Sai dai ɗan kama da harshe yake wasa, saboda haka raharsa ba ta tsallake iyakar masu jin Hausa, ita kuwa ta katun ta zagaya duniya don ba ta da abin fassarawa. Batun ƙarami ya kayar da babba da wayo kuwa, Gizo ya daɗe da yi wa Kura.

A cikin aji

Ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji zai iya haska minti biyu na katun, ya kashe sautin, ya sa yara su faɗi amsa-kamar da ta dace da kowane motsi, a rubuta a allo. Gardamar da za ta tashi kan ko kyanwar ta faɗi "tim" ne ko "rim" ta fi haddar ma'ana amfani.

Amma dole ya kalli fim ɗin shi kaɗai tukuna. The Skeleton Dance na 1929, wanda ya buɗe jerin Silly Symphonies, ƙwarangwal ne ke tiƙar rawa a maƙabarta har zakara ya yi cara. Gwaninta ce ta zane, amma iyaye a Sandamu ko Baure ba za su ɗauki wasa da kabari abin dariya ba. Mafi muni, da yawa daga katun na wancan zamani sun zana baƙar fata da leɓɓa jibga-jibga a matsayin wawa ko maciyin mutane, har a 1968 kamfanin United Artists ya janye 11 daga cikin na Warner daga talabijin saboda wannan cin fuska. Kwafinsu na yawo a intanet, kuma malamin da ya sauke katun bai duba ba yana iya haska wa yaran ajinsa hoton da aka zana don a yi musu dariya su kansu.